Raina kama ka ga gayya: matasan ƙwallon gorar ƙanƙara da kan taso gab da ranar zaɓe

Mutane da yawa a garin nan ba su san cewa ɗan wasa na farko haifaffen Najeriya da ya taka ƙanƙara a gasar NHL, babbar gasar ƙwallon gora ta Amurka da Kanada, a nan Zariya aka haife shi ba. Sunansa Rumun Ndur, an haife shi a 1975, iyayensa suka tafi da shi Kanada yana ƙarami, ya taso yana tsaron baya a ƙungiyar matasa ta Guelph Storm, kuma a zaɓen matasan 'yan wasa na NHL na 1994 ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauke shi a lamba ta 69. Daga baya ya buga wa New York Rangers da Atlanta Thrashers. Ranar da na fara cin karo da wannan labari na yi ta mamakin yadda garin da ba a taɓa ganin ruwa ya daskare a fili ba ya fitar da mai zamiya a kan ƙanƙara, kuma daga wannan mamakin ne na faɗa bibiyar wasan, musamman ɓangarensa na matasa, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina har yau.

Bibiyar ba ta da sauƙi ga mazaunin Samaru. Wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a gabashin Kanada yakan faɗo mana da ƙarfe 1 na dare a lokacin hunturu, sa'ad da mai shayin bakin titinmu ya riga ya kife kofunansa yana shirin kashe wuta. Sau da yawa nakan karɓi kofin ƙarshe, in lulluɓa da bargo a kan bencinsa saboda a nan ne intanet ya fi kamawa, in riƙe waya da hannu biyu ina bin wani ɗan baƙin faifan roba (shi ne ƙwallon wasan) da ido, wanda in ka yi ƙiftawa ɗaya ya ɓace maka. Wani dare ɗan yayata, wanda ke karatu a jami'a, ya leƙo ta kafaɗata ya kalla na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Kawu, ai wannan ɗan guntun ya fi kowa iya wasa, me ya sa ba a barin shi a fili?” Tambayarsa ita ce ainihin abin da nake son tattaunawa a nan, domin a kowace shekara akwai yaran da masu kima suke sanya sunayensu can ƙasan jeri a watan Oktoba, amma kafin ƙarshen Yuni sai a ga sun yi sama, wasu kuma sai bayan an wuce su ake cizon yatsa.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, ƙungiyoyin NHL ba sa rainon yara a makarantunsu kamar yadda ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai suke yi. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen watan Yuni, ƙungiyoyi 32 sukan zauna su zaɓi matasa bi da bi, a zagaye 7, wato kimanin yara 224 ke nan, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ne suke samun damar zaɓe da wuri, bayan an jefa ƙuri'a a tsakaninsu. Sharaɗin shiga shi ne yaro ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba ta shekarar. Yawancin yaran suna fitowa ne daga manyan gasannin matasa uku na Kanada, wato OHL da WHL da QMJHL, sai gasar USHL ta Amurka da shirin horar da tawagar ƙasa da ke Plymouth a jihar Mishigan, sai jami'o'in Amurka, sai kuma Suwidin da Finlan da Rasha da sauran ƙasashen Turai. Hukumar NHL tana da sashen kima nata da ke fitar da jeri a tsakiyar kaka cikin Janairu, da na ƙarshe a cikin Afrilu, amma kowace ƙungiya tana da nata mafarautan 'yan wasa da suke yawo daga wannan gari zuwa wancan cikin dusar ƙanƙara, kuma jerinsu sirri ne da ba ya fita sai ranar zaɓe.

Abin da na fahimta bayan shekarun da na yi ina bibiya shi ne, yaron da ake rainawa yawanci yanayin da ake kallonsa a ciki ne yake rufe hazaƙarsa. Jiki, da watan haihuwa, da yawan mintunan da koci yake ba shi, da nisan garin da yake wasa, su ne labulen. Wanda yake son ya hango mai tashi sai ya nemi yaron da ɗaya daga cikin waɗannan labulayen yake gab da yayewa.

Labulen da ya fi kowanne kauri shi ne na ƙanƙantar jiki. Wasan yana da karo da banke-banke, ana matse mutum a jikin katangar fili, don haka mafarauta suka daɗe suna fifita dogo mai ƙirji ko da hannunsa bai kai na gajere laushi ba. Brayden Point ya tara maki 91 a kakar 2013 zuwa 2014 a ƙungiyar Moose Jaw (maki a wannan wasa shi ne jimillar ƙwallayen da mutum ya ci da waɗanda ya bayar aka ci), amma aka ce ba shi da girma kuma zamiyarsa ba ta da sauri, aka bar shi har lamba ta 79 kafin Tampa Bay ta ɗauke shi. Ya je ya gyara zamiyar a hannun ƙwararriyar mai koyarwa, ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau biyu a jere a 2020 da 2021, sannan ya jefa ƙwallo 51 a kakar 2022 zuwa 2023. Alex DeBrincat, mai tsawon ƙafa 5 da inci 7, ya ci ƙwallo 51 a kaka biyu a jere a ƙungiyar Erie, duk da haka babu wanda ya taɓa shi a zagayen farko na 2016, sai Chicago ta same shi a lamba ta 39. Uzurin da aka bayar a kansa ma ya cancanci a lura da shi, domin an ce yana cin albarkacin manyan abokan sahunsa ne, wato waɗanda suke shiga fili tare, irin su Connor McDavid da Dylan Strome. Da ya shiga NHL sai ya ci ƙwallo 41 a kakarsa ta biyu, ba tare da McDavid a gefensa ba.

Labarin da na fi so a wannan fanni shi ne na Lane Hutson. Ɗan baya ne, kuma a wurin 'yan baya ƙanƙanta kusan laifi ce da ba a yafewa. Da aka kira matasa taron gwajin lafiya da ƙarfi da ake yi a Buffalo kafin zaɓen 2022, sai ya zo da takardar likita da ke nuna cewa ƙasusuwansa ba su gama girma ba, wato yana da sauran tsawo a gaba. Ka duba halin da yaro ɗan shekara 18 yake shiga har ya riƙa yawo da shaidar asibiti domin a yarda a kalli wasansa. Duk da takardar, sai da aka kira sunaye 61 kafin Montreal ta kira nasa. Ya yi shekara biyu a Jami'ar Boston, kuma a kakarsa ta farko cikakkiya a NHL ya bayar da ƙwallo 60 aka ci, ya karɓi kyautar Calder ta gwarzon sababbin 'yan wasa a 2025. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen filin ƙwallo a Tudun Wada ko Sabon Gari ya ga yadda ake ture ɗan siririn yaro mai basira a ba ƙato riga, ya san irin wannan hukunci. Saboda haka idan na ga ƙaramin ɗan wasa a jerin tsakiyar kaka an ajiye shi a zagaye na uku, abin da nake dubawa shi ne ko yana shiga tsakiyar fili inda ake cin duka, ko kuwa a gefe yake rakuɓewa yana jiran a miƙo masa. Mai shiga tsakiya yana fitowa da faifan a sandarsa, shi ne wanda nake sa ran zai tashi, domin ya riga ya koyi rayuwa a cikin ƙattai tun kafin a biya shi albashi.

Sai batun watan haihuwa, wanda ba a cika kula da shi ba alhali lissafinsa a fili yake. Tunda iyakar ita ce 15 ga Satumba, yaron da aka haifa a ƙarshen Satumba zai shiga zaɓe ɗaya da wanda aka haifa a Agustan shekara mai bi masa, ratar kusan wata goma sha ɗaya ke nan, kuma a shekarun balaga wannan rata tana iya zama bambancin gemu da rashinsa. Auston Matthews, da aka haifa ranar 17 ga Satumba 1997, kwana biyu kacal suka hana shi shiga zaɓen 2015, ya tafi birnin Zurik na Suwizalan ya buga da manya na kaka guda, ya dawo ya zama na ɗaya a 2016. A ɗaya gefen kuma akwai Tij Iginla, jikan wani ɗan Najeriya, domin mahaifinsa Jarome Iginla, wanda ya ci ƙwallo 625 a NHL, ɗan wani Bayerabe ne da ya zauna a Kanada. An haifi Tij a Agustan 2006, yana cikin mafiya ƙuruciya a ajinsa. A ƙungiyar Seattle Thunderbirds, wadda take cike da manyan yara masu neman kofi, ƙwallo 6 kawai ya ci a kaka guda saboda ba a ba shi fili. Da aka mayar da shi Kelowna aka sa shi a sahun farko, sai ya ci 47, kuma a Yunin 2024 Utah ta ɗauke shi a lamba ta 6. Yaron bai sauya dare ɗaya ba, mintuna aka ba shi, kuma shekarunsa suka cim ma na abokan karawarsa.

Wannan ya kawo ni ga amsar tambayar ɗan yayata. Ana buga wasan ne minti 60, amma babu ɗan gaba da yake yin ko da rabinsu, saboda ana musayar 'yan wasa ana tsaka da gudu, kowane sahu ya yi abin da bai kai minti guda ba ya fito. Ɗan sahun farko yana iya samun minti 20 a wasa, ɗan sahu na huɗu kuwa da ƙyar ya kai 10. Bugu da ƙari, idan aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti 2 saboda laifi, koci yakan tura amintattunsa ne su ci moriyar rinjayen, kuma kaso mai tsoka na makin da ake gani a takarda a irin wannan lokaci ake tara shi. To yaron da yake ɗan shekara 17 a ƙungiya mai ƙarfi, bayan 'yan shekara 19 da 20, adadinsa zai fito a rame ko da ya fi su baiwa. Abin dubawa shi ne makin da ya samu lokacin da ɓangarorin biyu suke kunnen doki a yawan mutane, da kuma abin da yake faruwa a makon da babban ɗan wasa ya ji rauni ko ya tafi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda ake yi daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu. A waɗannan makonni ne ƙananan suke samun kujerar manya, kuma ni a nan na fi buɗe ido fiye da kan gasar duniyar kanta, wadda kowa yake kallo.

Haka lamarin yake, har ma ya fi tsanani, ga yaran Turai da suke buga wasa da magidanta. Moritz Seider ya samu maki 6 ne kawai a wasa 29 a ƙungiyar Adler Mannheim ta Jamus, adadin da idan ka gan shi a takarda ba za ka sake waiwaya ba. Amma yana ɗan shekara 17 yana tare ƙwararru masu iyali, kuma ƙungiyar ta ci kofin ƙasar a 2019. Da Steve Yzerman, manajan ƙungiyar Detroit a lokacin, ya kira sunansa a lamba ta 6, shi kansa yaron sai da ya riƙe baki. Bayan shekara uku shi ne ya karɓi kyautar Calder. Beckett Sennecke na Oshawa ma haka ya yi a zauren Sphere na Las Vegas a 2024, lokacin da Anaheim ta kira shi a lamba ta 3, ya miƙe yana waige-waige kamar wanda aka kira bisa kuskure. Shi kuwa tsawo ne ya zo masa a makare cikin ɗan lokaci, ya ɗauki watanni yana koyon sarrafa sabon jikinsa, sannan a wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka komai ya daidaita. Masu kallon jimillar kaka sun gan shi matsakaici, masu raba kakar gida biyu su kwatanta farko da ƙarshe su ne suka ga inda ya dosa.

Nisan gari shi ma labule ne, ko da yake bidiyo ya rage masa kauri a zamanin nan. An wuce Pavel Datsyuk a zaɓe biyu, 1996 da 1997, yana wasa a Yekaterinbag can cikin Rasha inda mafarauta ba sa zuwa. Håkan Andersson, mafaraucin Detroit, wani ɗan wasa dabam ya je kallo ya ci karo da shi, aka ɗauke shi a lamba ta 171 a 1998, kuma yau sunansa yana zauren girmamawa na wasan. Kirill Kaprizov ya kai lamba ta 135 a 2015, a lokacin da ƙungiyoyi suke ɗari-ɗari da 'yan Rasha don gudun kada su ƙi baro gida. Cale Makar kuwa a cikin Kanada yake, amma a ƙaramar gasar lardin Albata, a garin Brooks, inda ake cewa ai abokan karawarsa ba su da ƙarfi. Wannan shi mafarauta sun farga da wuri, ya yi ta hawa har ya kai lamba ta 4 a 2017, kuma a 2022 ya haɗa kofin Stanley da kyautar gwarzon 'yan baya.

Masu tsaron raga nasu daban ne, ba na ma wahalar da kaina a kansu sosai, saboda sukan nuna a makare kuma ƙungiyoyi suna tsoron kashe zaɓen farko a kansu. Henrik Lundqvist lamba ta 205 ne a 2000. Pekka Rinne ɗan benci ne a ƙungiyar Kärpät ta Finlan, har sai da mafarautan Nashville suka kalle shi a lokacin motsa jiki kafin wasa, suka ɗauke shi a lamba ta 258 a 2004. Connor Hellebuyck, wanda ya zama gwarzon gasar gaba ɗaya a 2025, lamba ta 130 ne a 2012, daga wata ƙaramar ƙungiya a Odessa ta jihar Tekzas.

Sai dai dole in ja wa kaina birki, domin irin waɗannan labarai suna da daɗin faɗa kuma suna ruɗarwa. Muna tuna Datsyuk ne saboda ya fito, ba ma tuna tarin yaran da aka ɗauka a zagaye na shida waɗanda ba su taɓa sanya rigar NHL ba, kuma su ne mafiya yawa nesa ba kusa ba. Mafarautan nan ba wawaye ba ne, yawancin taurarin gasar daga zagayen farko suke fitowa. Akwai kuma tashin da yake kumfa ne kawai, inda yaro zai haskaka a gasar mako biyu, kamar ta 'yan ƙasa da shekara 18 da ake yi a Afrilu, kowa ya ruɗe a manta da wata bakwai da ya yi yana jan ƙafa. Ko tashin da ya tabbata ma yakan bar muhawara. Juraj Slafkovský ya ci ƙwallo 7 a wasa 7 a gasar Olamfik ta Beijin a 2022, ya taimaki Sulobakiya ta samu tagulla, kuma wannan ya taimaka masa ya zama na ɗaya a zaɓen shekarar, ya sha gaban Shane Wright, wanda aka shekara ana cewa shi ne na ɗaya amma ya zame zuwa na 4. Har yanzu magoya baya suna musu a kan wannan hukunci. Ni dai ma'aunina shi ne, tashin da yake da dalilin da za a iya nunawa da yatsa, kamar ƙarin tsawo, ko sauyin ƙungiya, ko warkewa daga rauni, ko gyaran zamiya, na fi amincewa da shi fiye da wanda ba shi da wani bayani sai cewa faifan yana ta shiga raga.

Akwai sabon abu da ya dagula lissafin a kwanan nan. A Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta janye dokar da ta daɗe tana hana 'yan manyan gasannin matasan Kanada shiga ƙungiyoyin jami'a, kuma sauyin ya fara aiki a Agustan 2025. Gavin McKenna, wanda ya yi suna a Medicine Hat, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan ƙofa, ya koma Jami'ar Penn State. A ganina wannan zai haifar da sababbin waɗanda ake rainawa iri biyu. Yaron da ya bar sa'o'insa ya je yana karawa da 'yan shekara 22 da 23 a jami'a, makinsa zai ragu, mai gaggawa ya ce ya lalace. A can baya kuma, gurbin da ya bari a sahun farko zai faɗa hannun wani ɗan shekara 17 da ba a san sunansa ba.

Daren jiya ma mun zauna a bencin mai shayi ni da ɗan yayata, iskar hunturu tana kaɗa ledar da aka rufe burodi da ita. Yanzu ya daina tambayar wa ya ci ƙwallo. Ya karɓi wayar, ya mayar da bidiyon baya da daƙiƙa goma, ya nuna mini wani yaro a sahu na uku wanda ya waiga kafaɗarsa sau biyu kafin faifan ya iso gare shi, ya karɓa ya juya ya bar ƙaton da ya taho banke shi yana rungumar katanga. Ya ce, “Kawu, rubuta sunan wannan, mu ga inda za su sa shi a jerin Afrilu.” Na ciro ɗan littafin da nake ajiyewa a aljihun riga na rubuta, tare da watan haihuwarsa da mintunan da aka ba shi a daren.